Ragon Iri: Ido Ne Zai Zaɓa, Ko Sikeli?

Alhaji Sabo Bukuru:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake son masana su warware mana. Masu kiwon tumaki da yawa a nan Filato sukan je kara su sayo ƙaton rago, mai kilo 60 ko fiye, su sake shi a garke. A jira wata biyar tumaki su haihu, a ƙara jiran wata shida, sai 'ya'yan su fito kamar na kowa. Kuɗi ya tafi, shekara ta tafi. Shin girma ba ya bin jini ne? In yana bi, ta yaya za a gane ragon da zai gadar wa 'ya'yansa girma tun kafin a sa shi barbara? Tumakinmu masu gashi nake nufi, 'Yanƙasa da Uda da Balami, ba masu ulu na Turai ba.

Isiyaku Mai Raguna:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Girma yana bin jini mana. Matsalar ita ce mutane ba su iya duba rago ba. A dubi ƙashi, ba tsoka ba: kaurin ƙwauri, faɗin ƙirji, tsawon gadon baya daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya, da faɗin ƙugu. Ragon da aka ɗura wa dusa da kowa wata huɗu a turke zai cika ido, amma in ka dafa bayansa za ka ji kitse ne ya rufe ƙaramin ƙashi. A buɗe baki kuma a ga haƙora. Rago mai manyan haƙora shida da kilo 60 ba ɗaya yake da mai manyan haƙora biyu da kilo 50 ba. Na biyun ya fi shi nesa ba kusa ba.

Dakta Hauwa:
Malam Isiyaku ya kama bakin zaren da ya ambaci haƙora, domin shekaru ya shigo da su cikin lissafi ke nan. Amma Alhaji, ko ƙashin ma abinci yana gina shi. Ɗan ragon da ya sha nono ya ƙoshi, bai yi fama da tsutsar ciki ba, ƙashinsa zai fi na ɗan'uwansa da ya sha wuya, alhali jininsu ɗaya.

Nauyin da ke kan sikeli abu biyu ne a haɗe: abin da dabba ta gada, da abin da kiwo ya yi mata. Na farkon kaɗai ke wucewa ga 'ya'ya. Masana sun auna wane kaso na bambancin da ke tsakanin dabbobi ne yake daga gado, mu kira shi kason gado. A tumaki, nauyin yaye yawanci kasonsa tsakanin 10 ne zuwa 25 cikin 100. Nauyin wata shida zuwa shekara ɗaya yakan kai 25 zuwa 40. Ragowar duka nono ne, da ciyawa, da cuta, da lokacin haihuwa.

Ga yadda lissafin yake. A ce 'yan raguna sa'annin juna a garke ɗaya matsakaicin nauyinsu a wata shida kilo 18 ne, ɗaya kuma ya kai 22. Ya zarce su da kilo 4. In kason gado 25 ne cikin 100, darajar irinsa kilo 1 ce kacal sama da sa'anninsa. Rabin jininsa yake ba ɗansa, saboda haka abin da za a sa rai a 'ya'yansa ƙarin rabin kilo ne. To ragon kara fa? Ba a san sa'anninsa ba, ba a san me ya ci ba, ba a san ranar haihuwarsa ba. Babu abin da za a auna shi da shi. Kilo 60 ɗinsa ba ya gaya mana komai game da abin da ke cikin jininsa.

Alhaji Sabo Bukuru:
Dakta, rabin kilo? Duk wannan wahalar a kan rabin kilo?

Dakta Hauwa:
Rabin kilo a kan kowane ɗan tunkiya, ranka ya daɗe, kuma ba ya komawa. Ƙibar dusa tana zubewa ranar da dusa ta ƙare. Wannan kuwa yana zama a garke, zubi na gaba ya hau kansa. Tumaki 40 da suka yaye 'ya'ya 45, kilo 22 ke nan da ba a saya da abinci ba, kuma 'ya'ya matan za su kai shi gaba. In an jira an zaɓa da nauyin shekara ɗaya, inda kason gado ya fi yawa, ragon da ya zarce sa'anninsa da kilo 6 a kaso 35 darajarsa ta kai kilo 2 da ɗan ɗori, 'ya'yansa su samu kusan kilo 1.

Abin da ya fi damuna ma shi ne lissafin yana aiki ta baya. Ɗan ragon da ya fi saurin girma shi ake fara kamawa a sayar, ko a yanka a suna, ko a turke don layya. Wanda ya tsumbure, ba mai taya shi, shi ke zama a garke har ya balaga ya hau tumaki. Shekara da shekaru ana haka, garke na zaɓen ƙanƙanta da hannun mai shi. Mutum ya ce iri ya lalace, alhali mafi kyawunsa ne ake kai wa wuƙa kafin ya bar baya.

Malam Bitrus (malamin gona):
Wannan magana ta ƙarshe ita ce ciwon. Bari in sauko da ita ƙasa, yadda mai tumaki 20 ko 50 zai fara. Kayan aiki ba su da yawa: sikelin rataye mai ɗaukar kilo 50, gara mai lamba irin na batir, da buhu mai ƙarfi da aka huda wa ƙafafu huɗu, da lambar kunne, da littafi mai bango. Waya tana faɗawa ruwa, littafi shi ne asali, daga baya a kwafe.

Kowane ɗan tunkiya a sa masa lamba ranar da aka haife shi, a auna shi cikin awa 24, bayan jikinsa ya bushe. A rubuta ranar, da lambar uwa, da lambar uba, namiji ne ko mace, tilo ne ko tagwaye, da haihuwa ta nawa ce ga uwar. Sai awo a wajen kwana 90, da wata shida, da shekara ɗaya. Awo da safe ake yi kafin su fita kiwo ko su sha ruwa, domin cikin babban rago da ya ƙoshi zai iya ƙara masa kilo biyu. In ka auna wasu da safe wasu da yamma, ciyawar ciki ka auna.

Sikeli kuma yana yin ƙarya in ya tsufa. Kafin kowane awo a rataya masa abin da aka san nauyinsa. Ruwa lita 10 kilo 10 ne, a ƙara nauyin jarkar. Kuma kada a manta a cire nauyin buhun.

Nafisa A.:
Anti Hauwa, bari in ƙara a kan awon kwana 90, saboda nan ake yawan tafka kuskure. Ba za a iya auna kowanne a ranar da ya cika 90 cif ba, rana ɗaya ake ware wa duka. Don haka sai an daidaita. A cire nauyin haihuwa daga nauyin ranar awo, a raba da kwanakinsa, a ninka da 90, a mayar da nauyin haihuwar.

Misali. Na farko an haife shi da kilo 3.0, ranar awo yana da kwana 104, ya yi kilo 14.2. Ƙarinsa 11.2, wato giram 108 a rana. A kwana 90 nauyinsa 12.7. Na biyu an haife shi da 2.8, kwanansa 82, ya yi kilo 13.0. Ƙarinsa 10.2, giram 124 a rana. A kwana 90 nauyinsa 14.0. A ido da kan sikeli na farko ne babba, a gaskiya na biyu ya fi shi da kilo ɗaya da wani abu. Kwana 22 kawai ke tsakaninsu, amma sun isa su sa a ajiye wanda bai kamata ba.

Wannan lissafi yana aiki ne in tazarar ba ta yi yawa ba, kamar daga kwana 75 zuwa 105. Girma ba a miƙe yake tafiya ba, in ka jawo ɗan kwana 50 zuwa 90 da alƙalami za ka ba shi abin da ba zai kai ba.

Arɗo Bello:
Sannunku da aiki. Ni abin da ban ji an ambata sosai ba shi ne uwa. Makiyayi ba ya zaɓen ɗan rago sai ya san uwarsa da kakarsa. Akwai tunkiyar da duk abin da ta haifa sai ya yi ɓul-ɓul a wata uku saboda nononta, amma da an yaye shi sai sa'anninsa su kamo shi. Akwai kuma ɗan tagwaye da yake fitowa ƙarami, ya raba nono da ɗan'uwansa, amma a shekara ya wuce kowa. In sikelin kwana 90 za a bi, ai kullum tilo ɗan babbar tunkiya ne zai ci, a zubar da tagwaye da 'ya'yan fari.

Dakta Hauwa:
Baba Arɗo, wannan shi ne ainihin abin da ya sa kason gadon nauyin yaye yake ƙasa. Kafin yaye, rabin labarin na uwa ne. Kuma illar da ka hango gaskiya ce: garken da ke zaɓen mafi nauyi a yaye ba tare da gyara ba, a hankali yana korar jinin haihuwar tagwaye.

Gyaran daga cikin garken ake fitar da shi. A ce matsakaicin tilo a kwana 90 kilo 13.5 ne, na tagwaye 11.0. Raba 13.5 da 11.0, ka samu 1.23. Duk ɗan tagwaye a ninka nauyinsa da wannan. Mai kilo 12.0 ya koma 14.7, ya wuce tilon da ke da 14. Haka za a yi wa 'ya'yan fari, domin tunkiya a haihuwar farko ita ma girma take, nononta bai kai na mai haihuwa ta uku ko ta huɗu ba. Maza da mata kuma kowa da layinsa. Wanda aka haifa tagwaye amma ɗan'uwan ya mutu a makon farko, ya sha nono shi kaɗai, kada a ba shi cikakken gyaran tagwaye, rabi ya ishe shi.

Sai dai gyaran yana son yawa. In tagwaye huɗu ne kawai a garken, matsakaicinsu ba abin dogaro ba ne, gara a haɗa bayanan shekara biyu ko uku, ko na maƙwabta masu kiwo iri ɗaya.

Bayan gyara sai a mayar da kowanne maki: nauyinsa a raba da matsakaicin sa'anninsa a ninka da 100. Mai 14.7 a cikin masu matsakaicin 13.5 makinsa 109. Kalmar sa'anni tana da sharaɗi: garke ɗaya, jinsi ɗaya, an haife su cikin kwana 30 zuwa 45 na juna, abinci ɗaya. Ɗan da aka haifa a watan Yuni ciyawa ta yi kore ba sa'an wanda aka haifa a Fabrairu ba ne. Wanda yara suka ɗauka ɗan gida suna ba shi dusa a bayan ɗaki ya fita daga rukunin, ko da shi ne mafi kyau.

Dakta Ɗanjuma (likitan dabbobi):
Ina so in ja hankali kan abin da ke ɓata awo a nan Jos musamman. Muna kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, daminarmu doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba. Wannan danshi shi ne abin da tsutsar ciki mai shan jini, Haemonchus, take so. Macenta ɗaya tana zuba ƙwai dubbai a rana. Ɗan tunkiyar da ta kama ba lallai ya yi zawo ba, jini ne ke ƙarewa: cikin fatar ido ya yi fari, ƙasan haɓa ya kumbura, girma ya tsaya. In ka auna nauyin wata shida a watan Satumba, kana auna girma ne haɗe da juriyar tsutsa.

Wannan ba aibu ba ne in an san da shi, domin juriyar ma tana bin jini. Aibun shi ne a ba wasu magani a hana wasu, sannan a jera su a sikeli ɗaya ba tare da an rubuta ba. A yi amfani da katin FAMACHA, wanda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu. Ana jan fatar ido ta ƙasa a gwada launinta da katin, daga 1 ja sosai zuwa 5 fari fat. Duk mako biyu a damina. Masu 4 da 5 a ba su magani nan take, ƙanana da masu shayarwa har masu 3. A rubuta duk wanda aka ba. Ɗan ragon da sai da aka ba shi magani sau uku a damina ɗaya bai cancanci zama uban garke ba, ko da ya fi kowa nauyi. Wanda bai taɓa wuce 2 ba kuma yana girma, shi ne abin riƙewa.

Allurar rigakafin PPR, annobar tumaki da awaki, kuma a yi wa garke duka, ana haɗa ta a nan Vom. Cutar in ta shiga, bayanan shekarar gaba ɗaya sun lalace, ban da asarar rai. Haka sanyin Disamba da Janairu, yana kawo wa jarirai ciwon huhu in garken a buɗe yake ta gabas.

Isiyaku Mai Raguna:
Duk na ji, kuma ban musa ba. Amma mai saye a kara ba ya tambayar maki 109. Yana son fari tas, ko Uda mai rabi baƙi rabi fari da layin ya yanke daidai, ƙaho ya murɗe, geza ta sauko, tsayi ya kai. Balami mai lanƙwasasshen hanci da dogon kunne in ya shigo daga Potiskum, kuɗinsa ya ninka na ɗan ƙasa mai nauyi kusa da nasa. To me zai hana Alhaji ya sa Balami a kan 'Yanƙasa ya huta? Zubi ɗaya zai ga bambancin da sikelinku zai yi shekara goma bai kawo ba.

Dakta Hauwa:
Zai gani, Malam Isiyaku, ba na ja. Bambancin da ke tsakanin iri da iri ya fi wanda ke cikin iri ɗaya saurin kamawa. Amma a san abin da ake saye. 'Ya'yan farko na gauraye suna samun abu biyu: rabin girman Balami, da wani ƙarfi na musamman da ke zuwa in an haɗa jini biyu masu nisa. Wannan ƙarfin ba ya zama. In aka haɗa gaurayen da gauraye, rabinsa ya tafi a zubi na biyu, 'ya'ya kuma su fito barkatai, wani dogo wani gajere. Nan ne mutane ke cewa ragon ya yi ƙarya.

Sannan Balami dabbar busasshiyar ƙasa ce, ta Borno da Yobe. A daminar Filato, tsutsa da ruɓewar kofato sun fi kama ta fiye da 'Yanƙasa da suka saba. Ga kuma ci. Tunkiya mai kilo 45 tana buƙatar abincin riƙe jiki da ya fi na mai kilo 30 da kusan kashi 35 cikin 100, kullum, har da watan Maris da ba ciyawa sai harawar saye. Abin da ya kamata a lissafa shi ne kilo nawa na 'ya'ya kowace tunkiya ta yaye a shekara, a kan abincin da ta ci.

Inda gauraye ke da riba shi ne a riƙe uwaye 'Yanƙasa zalla, a sa Balami ko Uda a kan wani kaso nasu, a sayar da 'ya'yan duka, maza da mata, kada a mayar da su garke. Mafi kyawun uwayen kuma a bar wa zaɓaɓɓen ragon 'Yanƙasa don samun masu maye gurbi.

Dakta Ɗanjuma (likitan dabbobi):
Kuma kada a sa babban Balami a kan 'yar tunkiyar da ba ta taɓa haihuwa ba. Ɗan yana yin girma a ciki, ƙugunta bai buɗe ba, haihuwa ta gagara. Budurwar tunkiya ba a ba ta rago sai ta kai wajen kashi biyu cikin uku na nauyin babba. Shi ya sa ma ban son a riƙa bin nauyin haihuwa a matsayin abin zaɓe. Matsakaici ake so. Ƙarami ƙwarai yana mutuwa da sanyi, babba ƙwarai yana kashe uwa.

Maganar ido kuma tana da gurbinta. Kafin a kai ga sikeli, a fitar da duk mai aibu: wanda haƙoransa na ƙasa ba su zauna daidai a kan dasashin sama ba, mai gwaiwa ɗaya ko wadda ba ta sauko ba, mai karkatattun ƙafafu. Waɗannan suna bin jini. A taɓa gwaiwa, su zama biyu daidai wa daida, masu tauri ba kumburi. Launi da ƙaho in kasuwa na biya a sa su, amma bayan sikeli ya fitar da biyar na sama, a cikinsu ido zai zaɓa.

Nafisa A.:
Akwai tambayar da ke biyo baya: yaya ingancin hasashen yake? In kason gado 25 ne, nauyin dabba ita kaɗai ingancinsa 0.5 ne a ma'aunin da ƙarshensa 1. 'Ya'ya biyar da aka auna suna ba da daidai wannan. 'Ya'ya 15 su kai shi 0.71, 'ya'ya 30 su kai 0.82. Wato ragon da ya yi zubi ɗaya a kan tumaki 25, 'ya'yansa sun fi jikinsa faɗin gaskiya a kansa.

Amma sai an raba tumakin da adalci. In aka ba rago ɗaya manyan uwaye, ɗayan aka tara masa 'yan fari da tsofaffi, an riga an yanke hukunci. A jera uwayen bisa shekaru, a riƙa rabawa ɗaya nan ɗaya can.

Hanyar da manyan shirye-shirye ke bi ita ce BLUP, wadda Charles Henderson ya gina a jami'ar Cornell ta Amurka. Tana haɗa nauyin dabba da na iyayenta, 'yan'uwanta da 'ya'yanta, ta cire tasirin garke da lokaci da nonon uwa a lissafi guda, ta fitar wa kowace dabba darajar iri. Da ita masu kiwon tumakin Katahdin a Amurka da masu tumakin Dorper a Ostareliya suke sayar da rago da lambobinsa. Manhajojin WOMBAT da BLUPF90 masu bincike suna samunsu kyauta. Sai dai ba sa gyara bayanan banza. In an rubuta uban da ba shi ba, kwamfuta za ta raba daraja ga wanda bai haifa ba. Garke ɗaya mai tumaki 30 kuma Excel ya ishe shi, BLUP sai an haɗa ɗaruruwa.

Malam Bitrus (malamin gona):
Sanin uba shi ne inda aikin ke karyewa a ƙauye, tunda tumaki a sake suke, ragon kowa na hawan ta kowa. Mafita ita ce lokacin barbara mai iyaka. Tunkiya tana neman rago duk kwana 17, don haka a haɗa rago ɗaya da tumaki 25 zuwa 30 na kwana 35 zuwa 42, zagaye biyu ke nan, sannan a cire shi. In ba a iya killace su da rana, a riƙe ragunan a gida, tumaki su fita kiwo da wanda ake so kaɗai, ko a haɗa su da dare a ɗaki daban-daban. A shafa wa ƙirjin rago kala da aka dama da mai, duk wadda ya hau za ta fito da shaida a ƙugu, a rubuta ranar. Bayan kwana 17 a canza kala. Wadda ta fito da kala biyu ba ta ɗauka a karon farko ba. In yawancinsu suka fito da biyu, ragon ne ke da matsala.

Ribar wannan biyu ce: an san uba, kuma 'ya'ya za su zo cikin mako shida, su zama sa'anni na gaske. 'Yan raguna kuma a raba su da mata tun wata uku zuwa huɗu, domin mai saurin girma yana iya ba da ciki kafin a ankara. Ba sai an dandaƙe su ba, tunda masu layya sun fi son wanda ba a taɓa ba.

Arɗo Bello:
To in rago ya yi kyau, shekara nawa zai yi a garke? Wasu suna riƙe shi har ya tsufa saboda ƙauna.

Dakta Hauwa:
Kada ya kai ga 'ya'yansa mata, Baba. Shekara ɗaya da rabi, iyaka biyu. Uba a kan 'yarsa yana ba da ɗa mai kusancin jini kashi 25 cikin 100, 'yan uba ɗaya 12.5. Abin da ke fara lalacewa shi ne rayuwar jarirai da ɗaukar ciki, sannan girma. Garke mai rago ɗaya da tumaki 30 da ke maye gurbi daga cikinsa, kusancin yana ƙaruwa da kusan kashi 13 a kowane zubin iri. Raguna huɗu da tumaki 100, ya sauko wajen kashi 3. Duk rabin kilon da aka sha wuya aka tara, barbarar dangi za ta cinye shi.

Shi ya sa mutum ɗaya ba ya wannan aiki shi kaɗai. A Kodebuwa an kafa shirin zaɓen tumakin Jalonke na ƙasa a 1983, a lokacin ana auna 'yan raguna a kwana 80, 180 da 365, a rarraba waɗanda suka ci ga garkunan da ke cikin shirin. A Habasha tun 2009 ƙauyukan masu tumakin Bonga, Horro da Menz suke haɗa garkunansu, a auna 'yan raguna a wata shida, jama'a su zaɓa, a riƙa zagayawa da su. Ribar haɗuwa a fili take. Mai 'yan raguna 10 da zai ɗauki 2 ya zaɓi kashi 20 na sama. Mutum goma da suka haɗa 100 suka ɗauki 5 sun zaɓi kashi 5 na sama, ƙarfin zaɓensu ya fi nasa da kusan rabi.

Sharaɗi ɗaya: a samu ragon haɗi, wanda zai yi barbara a garke biyu ko uku. In kowane garke da ragonsa shi kaɗai, ba yadda za a gane ko 'ya'yan Alhaji sun fi ne don ragonsa, ko don harawarsa. Masu son taimakon lissafi kuma su nemi masana na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, aikinsu ne, kuma sun daɗe a kan 'Yanƙasa.

Alhaji Sabo Bukuru:
Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya da nake ganin zai rushe tsarin. An auna, an zaɓi ɗan ragon Malam wane, sai Babbar Sallah ta matso, dillali ya zo da kuɗi a hannu, ga kuɗin makaranta, ga taki. Wa zai hana shi sayarwa?

Isiyaku Mai Raguna:
Ba mai hana shi, ranka ya daɗe, sai an biya shi. Ranar da aka zaɓa, ranar za a saye shi daga hannunsa, ƙungiya ta mallaka. Kuma a yi masa kuɗin da zai samu a makon Sallah, ba kuɗin ranar ba, in ba haka ba zai ɓoye mai kyaun ya kawo na biyu. Bayan ragon ya gama shekara biyunsa a turke shi wata uku, lokacin ya cika ƙaho da geza, a sayar a Sallah, kuɗin ya sayi na gaba.

Ranar zaɓen kuma a sa ta aƙalla wata uku kafin Sallah, kafin masu turke su fara zagaya ƙauyuka. Sallah tana matsowa da kwana 11 duk shekara, don haka kada a kafe ranar a watan Bature. Malam Bitrus, in ana son 'yan raguna su cika wata shida a ranar zaɓe, a ƙara wata biyar na ciki, a ƙara ukun nan: wata 14 kafin Sallar da ake nufi za a saki rago.